Injin kwaɓa siminti ya ci yatsun ƙanena, maigidansa ya ce tsautsayi ne

Ɗan_Bilbis
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ku yi haƙuri, maganar tawa za ta ɗan yi tsawo. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 19, yana aiki a wani wurin buga bulo nan Tawa, bakin gari hanyar Ƙonni. Yau kwana 23 ke nan, suna cikin kwaɓi da rana wuta ta ɗauke. Siminti kuwa ba ya jiran kowa, in aka bar shi cikin inji daskarewa zai yi, sai maigidan ya ce a kwashe. Yaro ya zura hannu da guntun shebur yana kankarowa, wuta ta dawo. Ashe tun da aka ɗauke babu wanda ya tuna ya kashe makunni. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi na hannun dama sun tafi, ƙashin hannun kuma ya karye sama da wuyan hannu. An yi masa aiki, an sa filasta.

Maigidan ya biya kuɗin ranar farko, ya zo gida ya ba tsohuwarmu jika 25, ya ce tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa. Tun daga nan ko waya. Ni abin da ke cina: wannan tsautsayi ne ko sakaci? Yaron nan yana da wani haƙƙi ko shi ke nan an gama? Ga kuma tsohuwa ta matsa a cire filastar a kai shi wurin mai ɗori a ƙauye, wai hannun ya ƙi sauka.

Maman_Nana
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ka gaishe da Inna.

Baba_Makanike
Ɗana, sannunku. Shekara talatin da wani abu ina cikin baƙin mai, kuma abin da ni gani shi na: inji mai gudu ba shi cika cin mutum ba, don kowa na tsoron shi. Wanda anka ce ya tsaya, shi ka cin mutane. Wuta ta ɗauke, ko bel ya zame, ko wani abu ya maƙale, sai yaro ya ce bari in sa hannu in hiddo. Ni garejina doka guda ta: wanda za shi sa hannu cikin inji, shi da kanshi za shi zare waya daga bango, ya riƙe kan wayar inda idonshi ka ganin ta. In mota ta, makulli na aljihunshi, ba bisa tebur ba. Ba a aiken wani ya kashe maka.

Gaskiya_Ɗaci
Wane tsautsayi? Mutum ya ce ka zura hannu cikin injin da bai kashe ba, sannan ya zo ya jingina wa Allah. Asarar siminti ya ji tsoro, yatsun yaro kuwa jika 25 kawai.

Almajirin_Malam
Gaskiya_Ɗaci, a bi a hankali da harshe. Babu abin da ke faruwa ba da ƙaddarawar Allah ba, wannan ba a jayayya. Amma ƙaddara ba ta ɗauke wa mai sakaci nauyi. Mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali, Tirmizi ya kawo shi. Kuma a fikihu ko da kuskure aka ji wa mutum rauni akwai diyya, har yatsu an yanka musu nasu kaso. To kalmar tsautsayi ta dace a bakin wanda abin ya sama, don ya samu sanyin zuciya. A bakin wanda ya jawo abin kuwa, ba ta wanke shi.

Malamar_Asibiti
Ɗan_Bilbis, kafin a je ga maganar kuɗi, don Allah kada ku taɓa filastar nan. Na roƙe ka. Hannun da aka yi wa aiki, da rauni a buɗe, ba na mai ɗori ba ne. Abin da muke gani shi ne a ɗaure hannu da kara tamau alhali yana kumbure, jini ya kasa wucewa, bayan kwana uku huɗu a dawo mana da shi ya yi baƙi yana wari, lokacin kuma ba sauran dabara sai yankewa. Wanda ya rasa yatsa biyu ya koma ya rasa hannu tun daga gwiwa.

Kumburi kuwa, ya riƙa ɗaga hannun sama da ƙirjinsa, in zai kwanta a jera masa matashi. Kada ya bar shi yana reto. In kuka ga yatsun da suka rage sun yi sanyi, ko sun sauya launi, ko ya ce ba ya jin su, ko ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko zazzaɓi, ko wari daga cikin filasta, ku koma asibiti a ranar, kada ku jira ranar da aka rubuta muku. An yi masa allurar tetanos?

Ɗan_Bilbis
An yi masa a daren farko, Malama. Na gode. Tsohuwa ce dai sai an sha fama.

Ɗan_Kaita
Ni fa ban yarda a riƙa zubar da masu ɗori haka ba. Ƙafata da ta karye ina yaro wani tsoho ne ya ɗora min ita a garinmu, ga ni yau ina buga ƙwallo. Kakanninmu da wa suka dogara?

Malamar_Asibiti
Ɗan_Kaita, ban ce ba su iya komai ba. Ƙashin yaro ƙarami mai saurin haɗewa ne, kuma taka karayar fata ba ta fashe ba, na tabbata. Wannan kuwa inji ne ya murƙushe nama da jijiya da ƙashi. Ba ciwo ɗaya ba ne. Masu ɗorin kirki ma da kansu suke cewa a kai irin wannan asibiti.

Tsohon_Delege
Bari in amsa maganar haƙƙi, tunda na yi shekaru ina wakiltar ma'aikata a wurin aikinmu nan Yamai. Dokar aiki ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 25 ga Satumba 2012, ba ta ce sai mai takardar kwantaragi ne ma'aikaci ba. In kana aiki ƙarƙashin umarnin mutum yana biyanka, kai ma'aikacinsa ne ko da baki kuka yi magana. Wajibi ne a kansa ya rubuta ka a CNSS, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa wadda muke ce wa Kes, kuma kuɗin ɓangaren hatsarin aiki shi kaɗai ke zuba su, ba a cire ko dala daga albashinka. In hatsari ya faru yana da awa 48 ya sanar. Wanda aka rubuta, Kes ce ke ɗaukar maganinsa, tana ba shi rabin abin da yake samu a rana har kwana 28 na farko, daga nan ya koma kashi biyu cikin uku har ya warke. In an samu nakasa mai ɗorewa likita ya auna ta a biya gwargwadonta. Har hatsarin da ya same ka a hanyar zuwa aiki ko komawa gida yana ciki, mutane da yawa ba su san wannan ba.

Na san abin da za ka ce: ba a rubuta shi ba. To wannan laifin maigidan ne, ba na yaron ba. Ka tafi ofishin sufeton aiki na nan Tawa. Su suna fara kiran ɓangarorin biyu ne a yi sulhu, in ya gagara sannan kotu. Ka tafi da takardar likita da ta bayyana raunin, da kowane ordonans, wato takardar magani, da rasit na farmasi, ko na dala ashirin ne, da sunayen waɗanda suke wurin lokacin. Ka rubuta ranar da sa'ar yanzu tun ba ku manta ba.

Gaskiya_Ɗaci
Shaidu kuwa ka yi sauri. Abokan aikinsa cikinsu na hannun maigidan, nan da wata guda kowa zai ce shi ya fita shan ruwa lokacin.

Mai_Walda_Katako
Ni ma maigida ne, yara bakwai ke ƙarƙashina, bari in faɗi namu ɓangaren tunda kowa ya ɗau sanda. Na sayi tabarau na walda, na sayi safar hannu, na sayi takalma masu ƙarfe a baki har ƙafa huɗu. Cikin sati biyu takalma biyu sun shiga kasuwa. Tabarau kuwa wai yana hana su gani, sai su runtse ido su diga, da dare su zo suna kuka ido kamar an zuba yashi, a ce a ɗiga nono. Ka ce kada a cire murfin injin yankan ƙarfe, ka juya baya an kwance shi wai faifan ya fi shiga lungu. Ba na kare mai bulon nan, abin da ya yi bai yi ba. Amma a daina zancen kamar duk mai wurin aiki azzalumi ne. Mafi yawanmu da kyar muke haɗa kuɗin haya da na wuta, ina muka ga na Kes?

Baba_Makanike
Mai_Walda, yaron da ya kwance murhi ka kore shi gida kwana ukku ba ko tamma, ka gani in wani ya sake. Yara abin da maigida ka yi suka kallo, ba abin da shika hwaɗi ba. Kai kana sa tabaran?

Mai_Walda_Katako
Baba ka kama ni. Wani lokaci in ɗan digo ɗaya ne ba na sawa.

Injiniya_Sahel
Tunda an ambaci injin yankan ƙarfe: abin da ya fi cire murfi haɗari shi ne ɗaura babban faifai a ƙaramin inji. Kowane faifai an rubuta masa iyakar juyin da zai iya ɗauka a jikinsa. Babba mai milimita 230 iyakarsa wajen juyi 6,600 ne a minti, ƙaramin inji kuwa yana kai 11,000. In ya tarwatse gutsattsarin fuska da wuya suke nema. Ku duba lambar kafin ku ɗaura.

Sai gyara ɗaya kan safar hannu. Tana da kyau wurin ɗaukar bulo, ƙarfe mai kaifi, da ɗanyen siminti, don siminti yana cin fata kamar toka mai ƙarfi. Amma kusa da abin da ke juyawa, injin huda, injin niƙa, bel, safar hannu ita ce ke jawo hannun ciki. Inji ya kama bakin safa, kafin ka zare ya tafi da kai. A nan hannu tsirara ya fi, babu zobe, babu agogo, hannun riga a naɗe.

Maman_Nana
Wannan magana ta taɓa ni. A unguwarmu wata yarinya aka aika markaɗe, ta sunkuya za ta ɗauki roba a ƙasa, bel ya kama bakin hijabinta. Ina tsaye a layi da tawa robar. Wallahi ban ga lokacin da abin ya faru ba, sai dai na ga kanta ya bugi ƙarfe, mai injin ya daka tsalle ya kashe. Allah ya taimaka hijabin tsoho ne ya yage. Da sabo ne mai ƙarfi da wani zance ake yi. Har yau akwai tabo a wuyanta kamar an ja igiya. Abin haushi, washegari da na koma bel ɗin yana nan tsirara yadda yake, ko katako ba a kafa ba. Ni dai tun ranar ƴaƴana mata in za su markaɗe sai sun cusa hijabi cikin zane, kuma na ce su miƙa daga nesa su koma bakin ƙofa.

Ɗan_Kaita
Mu ma masu rawani da babbar riga abin ya shafe mu. Injin ban ruwa na lambu ya taɓa cafke min bakin rawani a gonar albasa, Allah ya sa ba a naɗe yake da ƙarfi ba, ya warware ya tafi da shi.

Direban_Katafila
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni manyan injuna nake tuƙawa, na yi aikin hanya wajen Abalak, na yi na haƙar ƙasa a Yamai. Abin da mutanen ƙasa ba su gane ba, mu da ke sama ba ma ganinku. Kana ganin injin ƙato kana zaton direba na ganin ko'ina, alhali bayan injin da gefen dama akwai inda mota sukutum za ta ɓuya ban sani ba. Ga ƙara, ga ƙura. In ba ka ga idona ba, ni ma ban gan ka ba. Kada ka ratsa ta baya, kada ka tsaya tsakanin inji da bango ko tulin ƙasa, kada ka shiga ƙarƙashin bokiti ko an ce an kashe. Ƙarfin man da ke cikin tiyo ne ke riƙe da shi sama, tiyo ɗaya ya fashe ya sauko gaba ɗaya.

Wata rana cikin watan Mayu, zafin nan da ko tsuntsu ba ya tashi, mun tsaya cin abinci. Dajin babu itace ko ɗaya, inuwa sai ta injuna. Na gama na hau, har na sa makulli, sai na tuna na bar butata a ƙasa. Na sauko, na zagaya, sai ga wani yaro mai tallan ruwa kwance ya yi matashi da takalmansa, kansa daidai bayan tayar baya, yana barci har da minshari. Tayar nan ta fi shi tsawo in ya miƙe. Ban tashe shi nan da nan ba, ƙafafuna ne suka ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa kusa da shi. Tun ranar ba na tayar da inji sai na zagaya shi da ƙafa, na leƙa ƙarƙashi, na buga ƙarfe a jiki, na yi oda sau biyu na jira. Yara suna min dariya wai Baba na ɗawafi. Su yi ta yi.

Maman_Nana
Subhanallahi. Buta ce Allah ya sa ta zama sanadi.

Baba_Makanike
Direba ya hwaɗi gaskiya kan mai. Haka tifa: in anka ɗaga bayanta za a yi gyara, a kafa mata ƙarhe ko gungume tukuna. Jak ma haka, jak na ɗagawa na, ba na riƙewa ba. Kuma in tiyon mai ya yi ɗan huji kamar na allura, kada ka bi shi da tahin hannu kana nema, ka sa kwali. Man na hitowa da ƙarhin da shika huda hwata ya shige nama, waje ɗan ɗigo ka gani, ciki hannu na ruɓewa. Wanda abin ya sama shi tahi asibiti nan take ko ba shi jin ciwo.

Direban_Katafila
Sai wayar lantarki ta sama. Mai tifa ya juye yashi ya ja gaba bai sauke baya ba, ya taɓo waya. In haka ta faru ka zauna cikin mota, na ƙasa su yi nisa, kada wanda ya taɓa jikinta. Sai in wuta ta kama ne za ka yi tsalle ƙafa biyu haɗe, ba tare da ka riƙe mota kana taka ƙasa ba.

Ɗan_Bida_Abijan
Duk wannan bayani ne mai kyau, amma akwai abin da kowa ke zagayewa. Ƙwaya. Rabin yaran da ke aikin ƙarfi sai sun jefa tramol cikin shayi da safe, wai kada su ji gajiya. Wanda ba ya jin gajiya ai ba ya jin tsoro ma. Na yi dako a tashar jirgin ruwa can Abijan, inda na yi aiki ko hular kwano ka manta ba ka shiga ƙofa. Mu nan da silifas ake hawa bene.

Ɗan_Bilbis
Rabi dai ka faɗa da baki, ɗan'uwa, ba ƙirgawa ka yi ba. Ƙanena ko sigari ba ya sha. Umarni aka ba shi ya bi.

Ɗan_Bida_Abijan
Ban nufi naka ba, wallahi. Ka yafe ni.

Malamar_Asibiti
Tunda masu garaji da masu walda suna nan, bari in yi amfani da damar. In rauni ya faru, a daina zuba man birki, ruwan batir, baƙin mai, ƙasa ko garin taba. Duk sai mun kankare su kafin mu yi ɗinki, kuma su ke kawo ruɓa. A samu tsumma mai tsabta a danne wurin da ƙarfi, a ɗaga hannun, kada a riƙa buɗewa ana leƙawa. In yatsa ya fita a ɗauko shi, a naɗe cikin tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Ba kullum ake iya mayarwa ba, musamman wanda aka murƙushe, amma likita ne zai yanke wannan, wani lokaci fatar ma tana amfani. Wanda ya faɗo daga sama ko abu mai nauyi ya danne shi, kada a ciccibe shi a jefa bayan babur, a kira ƴan kwana-kwana a 18. Kuma kada a ba shi abinci ko fura, wataƙila aiki za a shiga da shi.

Mai_Walda_Katako
Man birki kam mun sha zubawa, yana tsayar da jini.

Malamar_Asibiti
Dannewar da kuke yi bayan kun zuba ita ke tsayar da shi, Malam. Ku gwada ba man.

Hannun_Hagu
Ɗan_Bilbis, ni zan yi maka maganar da ba ta kuɗi ba ce ba ta asibiti ba, don na bi hanyar nan. Injin casar hatsi ya ɗauke min yatsa huɗu shekara tara da suka wuce, babban yatsa kaɗai ya rage a dama. Ciwon nama wata biyu ne. Wanda ya fi shi shi ne ranar da aka ajiye tuwo na rasa yadda zan yi loma, ga mutane. Na koma cin abinci ni kaɗai a ɗaki, na daina zuwa majalisa, hannu kullum cikin aljihu, in an miƙo min hannu a gaisa sai in ji kamar ƙasa ta tsage. Da dare kuma yatsun da babu su su riƙa yi min ƙaiƙayi da zugi, na zaci taɓin hankali ne ko iska, ban gaya wa kowa ba sai da wani likita ya ce min haka abin yake ga mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa, jijiyoyi ne ba su san an tafi ba. Ka gaya wa ƙanenka wannan tun kafin ya tsorata.

Kuma ku daina yi masa komai. Uwata don tausayi har maɓallin riga ita ke sa min, sai da wani kawuna ya zo ya yi faɗa ya ce ku bar shi ya sha wuya. Na ji haushinsa a lokacin. Yau da hagu nake rubutu, ina da teburin sayar da kayan salula. Ku riƙa jan shi zuwa cikin mutane, ko ba ya so. In ya yi shiru da yawa, ko ba ya barci, ko ya ce shi ya gama amfani, kada ku ce shagwaɓa ce.

Ɗan_Bilbis
Allah ya saka da alheri, yaya. Kamar kana gidanmu. Tun da aka sallamo shi bai fita ƙofar gida ba, kuma jiya ya ce min ƙaramin yatsansa na masa ciwo, na ce wane yatsa, ya yi shiru.

Kine_Yamai
Ni aikina gashin ƙashi. Abin da ke lalata hannu bayan irin wannan rauni sau da yawa ba karayar ba ce, sandarewa ce. Mutum ya rungume hannu wata biyu kamar jariri, a cire filasta a tarar yatsun da ba abin da ya same su sun ƙage, kafaɗa ma ta ƙi ɗaguwa. Ku tambayi likitan da ya yi aikin abin da ya yarda a motsa, domin in an ɗinka jijiya akwai ƙa'idarta daban. In ya ba da izini, yatsun da ke waje ya riƙa lanƙwasa su yana miƙewa sau da yawa a yini, babban yatsa ya riƙa taɓo kan sauran, kafaɗa kuma ya ɗaga ta sama kullum. Ƙashin hannun babba yakan ɗauki sati shida ko fiye kafin ya kama, ƙarfi kuwa sai a hankali, watanni ne.

In rauni ya rufe sarai, bakin dungun zai riƙa zafi ko iska ta taɓa shi. Maganinsa taɓawa: a fara da auduga, a koma tsumma mai kaushi, daga baya ya riƙa cusa hannun cikin kwanon gero yana juyawa, a ɓoye masa ƴan duwatsu ko wake ya lalubo. Ba sai an sayi komai ba. Abinci kuma a ba shi wake, ƙwai, nono, kifi gwargwadon hali.

Abu ɗaya da zai ƙarfafa masa gwiwa: babban yatsa da manuni da na tsakiya sun tsira, su ne masu aikin tsinta da rubutu da riƙe allura. Biyun da suka tafi su ne masu damƙa, don haka riƙe shebur ko guduma yini guda zai yi masa wuya. Ku fara tunanin sana'ar da ta fi son dabara da ƙarfi, ɗinki, gyaran salula, aikin wayar gida.

Gaskiya_Ɗaci
To kun ji. Sana'ar ƙarfi ta ƙare masa yana ɗan 19, a ce jika 25. Mai bulon ya biya kuɗin koyon sana'ar ma.

Almajirin_Malam
Ni shawarata kafin ofishi a fara da manya. A samu limamin unguwa da wani dattijo da maigidan ke jin nauyi, a zauna. Sau da yawa abin da kunya ke fitarwa ya fi abin da takarda ke fitarwa, kuma ba a ɓata zumunci.

Tsohon_Delege
Malam, ban ƙi ba, amma a yi biyun tare. Zaman manya ba shi da rasit. Na ga inda aka yi alkawari gaban liman, aka biya wata biyu aka daina, lokacin kuma shaidu sun watse. Duk abin da aka amince a rubuta, kowa ya sa hannu. Kuma kada ku karɓi kuɗi a kan takardar da ta ce kun yafe komai alhali likita bai gama auna nakasar ba.

Mai_Walda_Katako
Yau da safe na sa an mayar da murfin injuna biyu. Na ukun an nemi murfin an rasa, wai an yi murhun shayi da shi.

Ɗan_Bilbis
Na dawo. Na karanta wa tsohuwa maganar Malamar_Asibiti daga farko har ƙarshe, ta yi shiru, ta ce to a bar filastar amma za ta karɓo rubutu ya sha, na ce wannan ba matsala. Kawunmu ya je wurin maigidan jiya da dare. Ya ce zai ci gaba da biyan magani, amma maganar Kes kada a tayar, wai za a rufe masa wuri yara goma su rasa abinci. Kawu ya ce a karɓa a yi shiru, ni zuciyata ba ta kwanta ba. Na bi ta wurin da yamma, injin na ta aiki, wani yaro sabo ne a kai, makunnin yana nan can bayan tulin yashi inda yake.

Tsohon_Delege, takardar likitan da ka ce, wadda aka ba mu ranar sallama ta isa ko wata daban ake nema? Ranar Litinin ne za mu koma a duba hannun.